Jan Ɗigon da Ya Tsaya a Taloka

Sallama gare ku masu bibiyata. Yau ku gyara zama, don zan amayar da abin da na yi kwana da kwanaki ina haɗiyewa. Roƙona ɗaya: wadda za ta zage ni a ƙasan rubutun nan ta yi haƙuri ta kai ƙarshe tukuna.

Ga wadda yau ta fara shigowa, ni ce Rumaisa, ɗiyar Malam Atiku kafinta, nan cikin Wurno. Mai nemana Nasrullahi ne, mai rumfa bakin tashar babura. Sana'arsa saka wa 'yan kabu-kabu tiraka, wannan 'yar na'ura da ke nuna maka a waya inda babur ɗinka yake in an gudu da shi. An riga an tsayar da Asabar danginsa za su kawo gaisuwar iyaye. Har atamfar da zan ɗaura na karɓo wajen tela, ruwan ganye mai zanen tsuntsaye, na goge ta na ajiye ƙasan filo. Ana haka sai injin hudar Baba ya yi ɓatan dabo.

Ku da ba ku san Baba ba, ba za ku gane girman maganar ba. Injin nan ruwan ɗorawa ne, mai batir biyu, cikin baƙin akwatin roba. Da shi yake ɗaura kwano, da shi yake haɗa ƙofofi. In ya dawo aiki, kafin ya wanke ƙafarsa sai ya goge injin da tsumma. Ranar da ya kawo shi gida ya sa ƙusa a wuta ya zana mai shaida a gindi: layi uku da ɗaya a gicciye, irin wadda kakanninmu ke yi wa shanu.

Wata rana Nasrullahi ya tsuguna gaishe shi, ya ga akwatin, ya yi ƙarfin hali.

"Baba, da za a bari in saka mai tiraka. Kayan ga ana yawan ɗauke su yanzu."

Baba ko kallonsa bai yi ba. "Shanun ubana da wagga shaida anka san su tun daga nan har Rabah. Ba a taɓa saka musu layin waya ba."

"Haka ne, Baba."

Daga nan ya ja bakinsa ya yi shiru. Ni ce ban yi shiru ba, ni mai shegen kai. Ranar Litinin da yamma da ya zo zance, Baba na masallaci, na shiga shagon da ke jikin zaurenmu na sunkuto akwatin cikin hijabina, na dire mai a cinya.

"Rumaisa, mi kika ɗauko haka? Baba ya ce a'a."

"Baba ya ce a'a, ni na ce i. Saka."

"In ya gano hwa?"

"Wa zai gaya mai? Kai dai yi sauri."

Ya yi ta waige-waige, sannan ya zaro abu biyu daga aljihu. Ɗaya kamar maɓallin riga. Ya ce wannan batirinsa na kai shekara, amma makaho ne in babu manyan wayoyi kusa da shi, don su ke kai labarinsa. A Sakkwato cikin gari sai ya yi aiki, amma a fadama sai dai Allah. Ɗayan kamar kwalin ashana, irin na babura, da layin waya a cikinsa. Ko'ina akwai sabis zai yi magana, sai dai tunda babu batirin babur da zai sha, mako biyu in ya yi ƙoƙari sai ya mutu, sai an sake mai caji. Na ce a saka mai layin. Ya ɗaga soson da ke ƙasan akwatin ya tura shi, ya mayar da soson kamar ba a taɓa ba.

Ashe Sabuwa maƙwabciyarmu ta leƙo karɓar rariya. Ta ga akwatin buɗe a cinyarsa, ta yi sallama, ta wuce ciki. Ni ko a jikina.

Ran Alhamis Baba ya tafi Rabah auno rufin wani gida, bai ɗauki kayan aiki ba. Ya dawo bayan la'asar, ya buɗe shago, wajen akwati wayam. Kwaɗo lafiya lau, mabuɗi na rataye a ƙusarsa bayan ƙofar zaure inda yake kullum. Kafin magariba Sabuwa ta shigo jaje, ta zauna, ta gyara ɗaurin zane, ta ce ita dai ba ta ce kowa ya ɗauka ba, amma ran Litinin ta ga abin da ta gani.

Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na buɗe baki zan ce ni ce, sai na kalli idon Baba, maganar ta koma. Tsoro ne, ba zan yi muku ƙarya ba. Na shige ɗaki na jawo waya na rubuta wa Nasrullahi.

"Duba tiraka yanzu yanzu. An ɗauke injin Baba."

Ya karanta. Na ga alamar shina rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa. Can sai ga saƙo: "Ki yi haƙuri tukuna. Za a gan shi in sha Allah."

"Ina yake?"

"Ki yi haƙuri."

Haƙuri! Mutum ana shirin kiransa ɓarawo, shi kuma shina ba ni haƙuri.

Kwanakin da sunka biyo baya, kowa a gidanmu ya zama gwanin nemo kaya. Baba ya dogara da shaidarsa. Ran Lahadi ya tafi kasuwar Goronyo ya bi layin masu tsofaffin kayan aiki, shina juya gindin kowane inji. Ya dawo da ciwon ƙafa. Shaida aba ce mai kyau in ka riƙe abin a hannu, ba mai yi maka gardama, amma ba ta kiran mai ita daga nesa. Inna ta ce a yi cigiya, anka yi a masallacin unguwa. Cigiya kuwa ta yi aiki fiye da yadda ake so: mutum uku sunka kawo injina, ɗaya ja, ɗaya marar baki, ɗaya ma ba na huda ba ne. Abin da cigiyar ta fi kawowa shi ne 'yan jaje, kuma duk wanda ya fita sai ya fita da sunan Nasrullahi a bakinsa. Ni kuma na tuna ranar da munka buɗe akwatin ya ɗauki hoton lambar jikin injin. Na sa ya tura wa masu gyaran injina na Wurno da Rabah da Goronyo, in an kawo saidawa su riƙe. Shiru. Wannan dabara sai in ɓarawon ya kai kasuwa.

Ran Laraba da safe ina shara, Baba ya tsaya tsakar gida ya yi wa Inna magana da ƙarfi don in ji.

"Ki aika gidansu yaron nan. In Juma'a ta wuce ban ga injina ba, kada kowa ya taka min zaure ran Asabar. Ba ni ba da ɗiyata inda zuciyata ba ta kwanta ba."

Tsintsiya ta faɗi daga hannuna. Na shiga ɗaki na yi kuka har na gode Allah, sannan na rubuta wa Nasrullahi: "In ba ka gaya min inda yake ba, na rantse yau zan fito tasha in tsaya gaban rumfarka kowa na kallo."

Ya san zan aikata. Sai ga hoto. Taswira ce, ga kogi ya lanƙwasa, ga jan ɗigo a gefensa. A ƙasa an rubuta Taloka. Na buɗa hoton da yatsu biyu, na ga ɗigon ba cikin gari yake ba, cikin fadama yake, daidai kwanar da bishiyoyin mangwaro suke. Na san wurin nan kamar tafin hannuna, can muke zuwa cin mangwaro tun muna yara. Gonar Baffa Bube ce, yayan Baba uwa ɗaya uba ɗaya, wanda kuma shi ne zai ba da aurena.

Na kira shi. "Tun yaushe ka sani?"

"Tun ran Alhamis ɗin."

"Kana ji ana yawo da sunanka kwana shida, ka yi gum?"

"Rumaisa, mi zan ce? In je in tsuguna gaban Baba in ce na saka abin da ya hana, sannan in ce kayanai na gonar yayanai? Da wane bakin? Tiraka wuri kaɗai take nunawa, ba ta faɗin yadda kaya ya je can. In na faɗi, ko mi ya faru na raba 'yan'uwa. Gara a ce ni ne."

"Ko da za a fasa?"

Sannan ya ce, "Jiya mutum biyu sun zo sun ce in cire musu tiraka daga baburansu. Wai kada in bi sawunsu in ɗauke." Ya ɗan yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Batirin saura kashi tara. In ya mutu, ɗigon ya ɓace."

A nan na ji kunyar kaina ta rufe ni. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ni na ja, wani ke jiƙewa.

Mutum ɗaya ce a duniya za ta iya shiga tsakanin Baba da Baffa, ita ce Kaka, uwarsu. Na same ta a ɗakinta tana tsinkar zogale a faifai. Na durƙusa na zayyana mata komi, tun daga hijabi har jan ɗigo. Na miƙa mata wayar. Ta riƙe ta nesa da ido, ta karkata kai.

"Wanga jan abu shi ne injin?"

"Shi ne, Kaka."

"Ikon Allah. To ai wancan na Taloka ya zo nan ran Alhamis." Kaka ba ta faɗin sunan Baffa, ɗan fari ne. "Ya sha hura nan inda kike, yat tashi yat tahi."

"Kaka! Kuma ba ki faɗa ba?"

"Wa ya tambaye ni? Kowa gidan ga ya san ya zo. Uwarki ita ta dama mai hurar." Ta ajiye faifan. "Ke, ana lissafa yayan mutum cikin waɗanda ake zato? Ko a zuci ubanki ba ya iyawa. Kuma mutumin da ko wayar shafawa bai riƙe ba, wa zai ce shina son injin huda?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke kuwa kin iya sata cikin hijabi, ba ki iya faɗin gaskiya a tsakar gida ba. Tashi ki nemo muna mota gobe da sassafe. Kuma ki kama bakinki, ni ka magana."

Ran Alhamis tun da hantsi muna hanya. Kaka ta ce wa Baba marmarin mangwaro take, kuma ni zan riƙe mata jaka. Baba ya ce mu dawo kafin la'asar, hanya ba ta son yamma. Na saka doguwar riga ruwan toka da farin hijabi, wanda kafin mu kai Goronyo ya koma ruwan ƙasa. Daga can munka hau babura biyu. Ku zo ku ga Kaka a bayan babur, ta riƙe rigar ɗan kabu-kabu tana yi mai faɗa duk ramin da ya faɗa. Zafi kamar a tanda. Ni kuwa waya na hannuna, saƙo na shigowa: "Saura kashi huɗu." Can kuma: "Uku. Bai motsa ba."

Tun daga bakin gonar na ji injin. Wannan kukan nasa, zirrr, da nake ji kullum daga shago. Wallahi ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba. Ga albasa kore shar, ga wasu ma'aikata biyu a kan ƙarafa suna ɗaure farantan sola na injin ban-ruwa, ɗaya riƙe da abin Baba ruwan ɗorawa. Baƙin akwatin kuwa na ƙarƙashin mangwaro, an ɗora mai butar shayi.

Baffa ya taho da sauri, wando a naɗe, laka har gwiwa. Ya tsuguna.

"Inna, lahiya? Da kanki cikin wagga rana?"

Kaka ta zauna a tabarma, ta sha ruwa, ta tambayi albasa, ta tambayi iyali, kamar ba abin da ya kawo ta. Sai da ta gama ta nuna da haɓa.

"Wancan abin mai kuka, na wa ne?"

"Na Atiku ne. Masu aikin ga nasu ya lalace, ran nan da na zo na ɗauko. Gobe in sun ƙare in mai da mai." Ya faɗa hankali kwance, kamar wanda ya ari tsani.

"Ka gaya mai?"

Baffa ya yi dariya. "Inna, in gaya wa Atiku? Ni da na goya shi? Ai ya san in ba ni ba, wa ka buɗe mai shago."

"To bai sani ba. An yi cigiya a masallaci. Ya taka kasuwar Goronyo ƙafa da ƙafa. Kuma yaron da kai da bakinka ka ce ka yarda da shi, yau Wurno ɓarawo aka ce mai. Jibi an hana danginai zuwa."

Dariyar ta ɗauke daga fuskar Baffa. Ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa. "Innalillahi. Don mi Atiku bai kira ni ba?"

"Ya kira ka ya ce mi? Yaya, kai ka ɗauki kayana?"

Baffa ya juyo gare ni. "Ke ɗiyata, ya anka yi kunka san shina nan?"

Na kalli Kaka, ta kau da kai, wato in ci tuwon da na tuƙa. Na jawo akwatin, na sauke butar, na ɗaga soson. Ga ɗan kwalin, wutarsa na ƙiftawa da ƙyar. Na faɗi komi, har da cewa Nasrullahi ya sani tun ranar farko ya ƙi faɗa.

"Ya san gonata ce?"

"Ya sani, Baffa."

"Ya bari anka ce mai ɓarawo don kada a ce min?"

Na gyaɗa kai, hawaye na zuba. Baffa ya miƙe ya daka wa ma'aikatan tsawa su sauko da injin, sauran aikin a ƙarasa da hannu ko a bari.

Mu munka riga Baffa isowa Wurno. Ran Juma'a da hantsi sai ga ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida, ya sha farar shadda, akwati ɗaure a baya. Na laɓe bayan ƙofar zaure, kuma kada wadda ta ce min ita ba ta taɓa laɓewa ba.

Ya dire akwatin gaban Baba. "Ga kayanka. Ni na ɗauka."

Baba ya buɗe, ya juya gindin injin, ya shafa layukan nan uku da babban yatsa. Baffa ya ba shi labari tiryan-tiryan, bai rage laifinsa ba, bai rage nawa ba. Da ya zo kan shirun Nasrullahi sai muryarsa ta canza.

"Atiku, ni na yi kuskure, kai ka yi zato. Yaron ga shi kaɗai ya yi abin da ya kamata babba ya yi."

"Rumaisa!" Baba ya kira, ko waigowa bai yi ba. Ashe ya san ina nan.

Na fito na durƙusa.

"Ke kinka ba shi akwatin?"

"Ni ce, Baba."

"Kina ji ina faɗin abin da nike faɗi, kinka yi shiru?"

"Tsoro na ji, Baba. Ka yafe min."

"Shi ya yi shiru don ya rufa wa wani asiri, ke kin yi shiru don ki rufa wa kanki. Ki san bambancin." Ya rufe akwatin. "Tashi ki ba ni wuri."

Maganar ta shige ni har ƙashi, kuma na san na cancanta. Amma ko a lokacin wani sanyi na ratsa ƙirjina, don ban ji ya ce an fasa ba.

Bayan an sauko Juma'a Baba bai dawo gida ba. Ƙarfe uku, shiru. Inna ta fara leƙa ƙofa. Sai ga saƙon murya daga Nasrullahi.

"Rumaisa, Baba ya zo tasha. Shi da Baffa, da akwatin a hannu. Ya tsaya gaban rumfata, 'yan kabu-kabu duk suna nan, ya sa anka kashe babura. Ya ce, jama'a ku shaida, na yi wa yaron ga zaton abin da bai yi ba, a bainar jama'a sunanai ya ɓaci, don haka a bainar jama'a na zo in wanke shi. Na rasa inda zan sa kaina, Rumaisa. Na tsuguna, ya kamo hannuna ya tashe ni."

Sau biyar na saurara. Na shida na kai wa Kaka, ta kara a kunne, ta ce, "To, ya yi abin da ubanai ka yi," ta ci gaba da jan carbi tana share ido da bakin mayafi.

Da Baba ya shigo bai dube ni ba. Ya tsaya tsakar gida, daidai inda ya tsaya ran Laraba, ya ce wa Inna a share zaure a shimfiɗa sababbin tabarmi, gobe akwai baƙi. Ni na riga kowa ɗaukar tsintsiya.

Ina cikin sharar ne wayata ta yi ƙara. Lamba ce da ban sani ba. Na ɗauka, sai muryar dattijuwa, a natse.

"Ke ce Rumaisa? Ni ce uwar Nasrullahi. Kwana takwas ban fita ko gidan suna ba saboda bakin mutane. An ce ke kinka jawo, an kuma ce ke kinka tahi har Taloka kinka gyara. Gobe maza za su zo su yi tasu. Ni kuma jibi ki zo ki same ni, ke kaɗai, ina son in ji daga bakinki."

Na ce, "To, Inna."

Sai da ta kashe na tuna ban taɓa kiranta da wannan sunan ba, kuma ba ta hana ni ba.